Usur ɗin Sarjan Inusa da Langa Mai Jan Fure

Wani yanki na labarin nan ya zube mini a hanya, ban kuwa san inda zan koma in tsinto shi ba. Shekarar da abin ya faru ta kuɓuce mini. Na dai san bayan babban farin nan ne da ya ƙarar da shanu, sojoji sun riga sun karɓi mulki, ni kuma ina sauke a Gure, a zauren wani mai lambu da ake kira Abatcha, ina jiran kumburin ƙafata ya saɓe in wuce Bune. Sunan baƙuwar da ta zo daga Damagaram shi ma ya tafi. Wani lokaci ya kan zo har bakin harshena, sai ya juya. Abin da ya rage a hannuna shi zan ba ku.

A zamanin an buɗe wani ɗan gidan renon yara a garin, ma'aikata na ce masa gardiri. Matan ma'aikata da matan da ke sauka kwari aikin lambu su kan kai ƴaƴansu da safe, su ɗauko su da la'asar. Yaran duka sababbin yaye ne, masu tafiya suna tangaɗi. Shugabar gidan, Madam Ramatu, ta tafi Damagaram haihuwa, daga can aka ji an canza wa mijinta wurin aiki, ba za ta dawo ba. Gida ya saura a hannun mutum biyu: Ya Kaka, tsohuwar da ke dama kunu tana wanke yara, da Inusa mai gadi.

Inusa ba ya amsa sunansa sai an sa masa Sarjan a gaba. Yana da jar hula irin ta soja wadda ba ya cirewa sai zai yi alwala, da usur rataye a wuya. In ya zauna bakin ƙofa ya kama hira, ya yi yaƙi a ƙasashen da ko direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, ba su taɓa jin sunansu ba. Waɗanda suka san shi a barikin Damagaram sun ce aikinsa a can kwashe kashin dawaki. Shi ya ce wannan ma sai amintacce ake ba.

Da labari ya zo cewa wata babbar madam za ta taho ta duba gidan ta naɗa sabon shugaba, sai Inusa ya fito da kujerar Madam Ramatu inuwar dogon yaro, ya zauna a kai, ya ji ta yi masa daidai. Daga ranar ba shi da wani buri sai kujerar nan.

Ya ce, "Ya Kaka, me ya fi cinye miki yini a gidan nan?"

Ta ce, "Surutunka."

"Bayan shi."

"Wankin wanduna."

"To shi zan kashe. Kafin madam ta zo, babu yaron da zai ƙara ɓata wando a gidan nan. A bariki ba wanda ke yin abu don cikinsa ya ce ya yi. Ana busa a tashi, ana busa a ci, ana busa a kwanta. Me zai hana a busa a yi kashi?"

Ya Kaka ta ce, "Yaro a ƙafar uwarsa yake koyo. Ta miƙe ƙafafu, ta ɗora shi a kai, tana yi masa waƙa har ya yi."

"Ƙafafunki nawa?"

"Biyu."

"Yaran nawa?"

Ya Kaka ta dubi tsakar gida inda yara ke birgima cikin rairayi kamar ƴan tsaki, ta koma kan wankinta. Shi kuwa ya ɗauki hakan amincewa.

Tun ana buɗe gidan aka yi alkawarin aiko fo na yara daga Damagaram, har ranar bai iso ba. Amma a ɗakin ajiya akwai kwanonin langa da ƙungiyar mata ta saya a kasuwa don shan kunu, wasu da koren fure, wasu da ja. Inusa ya ware masu jan furen ya jera su bayan ɗaki.

"Kwanon abinci ne fa, Inusa."

"Sarjan."

"Kwanon abinci ne, Sarjan."

"Kwano bai san aikinsa ba sai an gaya masa. Kore na shiga, ja na fita. Ko jaki zai gane."

Da la'asar iyaye suka zo ɗaukar yara, suka tarar da su a layi, kowa bisa langa, Inusa na zagaye su hannu a baya. Zaliha, matar wani ma'aikacin asibiti da aka kawo daga Maraɗi, ita ta fara magana, don ƴarta Balki ta zauna har bakin langa ya zana mata da'ira a jiki.

"Sarjan, tun yaushe take zaune nan?"

"Tun da aka busa."

"In ba ta ji ba fa?"

"Za ta ji. Ciki ma kunne gare shi."

Fanna, matar mai masaukina Abatcha, ta ɗaga ɗanta Aisami ta leƙa langar, ba komai ciki sai tsakuwa biyu da ya zuba. Ta ce ita damuwarta wa ke yi musu tsarki, da wane hannu, kuma ko ana wanke langar da toka. Inusa ya ce wannan sashen Ya Kaka ne, shi nasa umarni. Abatcha kuwa ya tsaya ya dubi layin, ya dubi rana, ya ce yaran nan alƙibla suke fuskanta. Inusa ya ce soja gabas yake kallo. Gardama ta yi tsawo har aka zo zaure aka tambaye ni, na ce a juya su arewa. Iyakar hannuna cikin al'amarin ke nan.

Farkon aikin bai yi kyau ba. In ya busa usur, wasu su fashe da kuka, wasu su kifa langa a ka, ɗaya ya mai da tasa ganga. Balki ta kan zauna lafiya lau har a ce a tashi, sai ta miƙe ta yi abinta a tsaye kusa da takalmin Sarjan. Ya Kaka ta ce a da wanduna kaɗai take wankewa, yanzu an ƙara mata kwanoni.

Amma Inusa ya samo dabara. Ya riƙa cika aljihu da dabinon kwari, ya kan busa daidai bayan an sha kunu, duk wanda ya ajiye wani abu a langa ya samu dabino. Yaro kuwa ba ya wasa da dabino. Kafin wata ya mutu, da an ji firrr, sai ka ga sun watsar da abin wasa, sun sassauke wando, kowa ya ruga neman jan fure. Wankin Ya Kaka ya ragu har igiyar shanya ta zauna fayau.

Inusa ya shiga kasuwa yana taku ɗai-ɗai. Ya gaya wa mahauta cewa abin da Turawa suka kasa a ƙasarsu shi ya yi a Gure da usur ɗaya. Ya ce in an naɗa shi, daga Gidigir har Bune za a riƙa aiko masa yara, watakila ma da manya.

Ranar wata Lahadi, da gardiri ke rufe, Zaliha ta same shi a gida da hantsi.

"Sarjan, Balki tun jiya ba ta fita ba. Ciki ya yi tauri kamar tulu. Na ɗora ta a ƙafa, na kai ta bayan gida, na yi lallashi. Sai ta dube ni ta ce firrr."

Inusa ya gyara hula. "Kin gani? Tarbiyya ke nan. Ba ta karɓar umarni daga farar hula."

"Ni na haife ta."

"Haihuwa daban, muƙami daban. Mu je."

Ya bi ta har ƙofar gida. Da yake mijinta ba ya nan, bai shiga ba, ya tsaya bakin danga ya cika kumatu ya busa. Daga ciki Zaliha ta ce alhamdu lillahi. Sai dai gidan Zaliha da na Abatcha danga ɗaya ta raba su. A daidai lokacin Abatcha ya saka farar rigarsa ta zuwa suna, ya ɗauki Aisami a cinya yana ba shi loma. Yaro ya ji kira, ya waiwaya bai ga langa ba, uba kuma ya riƙe shi gam. Ya yi inda yake.

Abatcha ya fito riƙe da gaban riga nesa da jikinsa.

"Inusa, wa ka busa wa?"

"Balki."

"To Aisami ya amsa."

"Yaron kirki. Gobe yana da dabino biyu."

"Rigar fa?"

"Laifinka ne, Abatcha. Gidan da ke da soja ba ya rasa langa a kusa."

Wannan magana ita ta jawo ta gaba. A shekarar, langa mai jan fure ita ake yayi. Babu ɗakin matar da ta isa mace a Gure da ba ka ganin ta cikin jere, an ɗora wata kan wata har kusa da rufi, ana goge su ranar Juma'a, ba a ko cin abinci a ciki sai baƙo na musamman. Fanna na da su jeri guda, uwarta ta kawo mata. Wata rana da yamma ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, suna buga ƙwallo a fili, mushensu, malaminsu ke nan, na alƙalanci da usur. Iska ta kawo ƙarar har cikin gida. Fanna na daka, ta ga Aisami ya shige ɗaki da sauri, ta ji ƙarar kwanoni. Ko da ta shiga, ya jawo ta ƙasa, sauran sun zube, shi kuwa yana zaune a kai cikin natsuwa, ya fuskanci arewa, ya miƙo hannu a ba shi dabino.

Ba gidan Abatcha kaɗai ba. Mushen nan mai son busa ne, ko ƙwallo ta fita ya busa, ko ta dawo ya busa. A yammacin nan ɗaya, jere ya rushe a unguwa uku.

Washegari mata suka cika gardiri, kowace da langarta a hannu, an wanke amma ba mai son ta koma ɗaki. Fanna ta ajiye tata gaban kujerar Inusa.

"Ga ta, na ba ka. Ka haɗa da naka."

"Fanna, a yi haƙuri. Kowane sabon tsari da ƴan gyare-gyarensa."

Zaliha ta ce, "Jiya mun je tasha raka baƙuwa, jandarma ya busa wa kamiyo. Balki na goye a bayana. Wane gyara za ka yi wa zanena?"

"Wannan usur ɗin jandarma ne. Nawa siririn sauti gare shi. Da sannu za su bambance."

"Kafin su bambance mu mun ƙare," in ji wata daga baya.

Suka ce za su kwashe ƴaƴansu, kowa ta koma goyon nata zuwa kwari. Inusa ya ga kujera na zamewa daga ƙarƙashinsa, don ba a naɗa mutum shugaban gidan da ba yara. Ya sauke murya, ya kira su iyayena, ya roƙe su su bari madam ta zo ta gani da idonta. In ta ce tsarin banza ne, shi da kansa zai jefa usur a rijiya. Ya Kaka ta ce a zaɓi rijiyar da ba a sha. Mata suka yarda, wasu don tausayi, wasu don suna son su ga ƙarshen abin.

Ranar zuwan madam, Inusa ya tsara komai kamar faretin soja. Za a tarbe ta a ƙofa, yara su yi mata waƙa, a ci abinci a rumfa, sa'an nan a zagaya bayan ɗaki inda ya jera kwanoninsa na langa, ya busa sau ɗaya, ta ga abin mamaki. Abu ɗaya ya dame shi, kada ya busa wani yaro ya tashi da langa wayam a gaban baƙuwa. Saboda haka tun safe bai busa ko sau ɗaya ba, ya kuma sa Ya Kaka ta dama kunu da tsamiya mai yawa.

"Wannan tsamiyar ta isa ta saki cikin raƙumi," in ji ta.

"Ƙara. Ba na son ko ɗaya ya ba ni kunya."

Yara suka sha, aka ƙara musu, suka sha.

Abin da Inusa bai sa a lissafinsa ba shi ne girkin baƙuwa. Ƙungiyar mata ce ta ɗauki nauyinsa, kuma mace ba ta kai wa babbar baƙuwa abinci a tsohon kwano. Waɗanda jerensu ya tsira suka sauko da mafi kyawun abin da suke da shi. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfa, aka jera burabusko da miyar yakuwa, da shinkafa, da naman rago, layi guda ɗoɗar, duka cikin langa mai jan fure. Inusa ya gani, ya tura usur cikin riga ya danne da hannu. Ya ce a ransa ai busa a hannunsa take.

Mota ta iso da hantsi ya ɗaga. Madam ta sauko, doguwa, da tabarau, da jandarma ɗaya da aka haɗa ta da shi. Rabin gari ya biyo motar. Aka zaunar da ita, aka buɗe marufan abinci don ta ga karamcin Gure, aka jera yara a gefe. Ba su yi waƙar da kyau ba. Suna ta matse ƙafafu, suna kallon wuyan Sarjan.

Inusa ya fito tsakiya ya ƙame ya sara mata.

"Ranki ya daɗe, abin da za ki gani yau ba a taɓa yin sa ba daga nan har Yamai. Yaran nan da kike gani, cikinsu a hannuna yake. Ban ce a yi ba, ba a yi. Na ce a yi, babu mai saɓawa."

Madam ta ce, "Iyayensu sun yarda da haka?"

"Suna ta godiya. Jiya ma wata ta kawo mini kyautar langa."

Mutanen da ke waje suka ji ana maganar, kowa na son ya leƙa, suka turo har dangar gardiri ta fara kwanciya. Jandarma ya ce a ja baya, ba wanda ya ja. Ya sa hannu a aljihu. Inusa ya ga abin da ya fito da shi, ya buɗe baki, amma kafin magana ta fito an riga an busa.

Yara suka sauke wando gaba ɗaya kamar mutum ɗaya. Bayan ɗaki da nisa, jan fure kuwa ga shi nan a gabansu, an ma buɗe musu. Suka ruga. Balki ta samu shinkafa. Wani ɗan ƙato ya haye burabusko, ya ji ɗumi, ya gyara zama. Mata suka yi kansu, wannan na jan hannu, waccan na janye kwano, miya na bin tabarma.

Wasu yaran, masu hankali cikinsu, sun tsaya da wando a gwiwa suna duban Inusa, don sautin bai yi musu kama da wanda suka saba ba. Da ya yi shiru, da an tsira da naman rago. Amma Inusa mutum ne da bai san hanyar tsai da jama'a ba sai ɗaya. Ya ce, "Ba nawa ba ne, ku tsaya," ya fizgo usur daga riga ya busa da iyakar ƙarfinsa.

Masu shakka suka samu tabbaci. Naman rago ya tafi.

Cikin turereniya aka ture Inusa, jar hula ta faɗi ta yi birgima ta tsaya a buɗe. Aisami shi ne ƙarami, an riga shi ko'ina, yana ta zagaye da wando a ƙafa yana neman wuri. Ya ga abu ja, mai zurfi, babu kowa a kai. Ya ja ta gefe, ya juya arewa, ya zauna.

Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai aikin tsamiya. Madam ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta dubi layin yara, ta dubi Inusa da ke tsaye kai ba hula.

Ta ce, "Gaskiya ka faɗa, Sarjan. Babu wanda ya saɓa."

Aisami ya gama, ya miƙe, ya tako har gaban madam ya miƙa mata hannu. Ta tambayi abin da yake so. Ya Kaka ta ce, "Dabino, ranki ya daɗe. Haka tsarin yake."

Abin da madam ta ci a ranar ya ɓace mini, ina jin shayi ne da gyaɗa. Kujera dai an ba wata malama da aka aiko daga baya, ta iso tare da fo ɗin da aka daɗe ana jira. Ya Kaka ta koma miƙe ƙafafu tana ɗora yara bi da bi. Inusa aka mai da shi gadin lambu a kwari, inda ya riƙa gaya wa masu ban ruwa cewa tsarinsa bai faɗi ba, jandarma ne ya yi masa juyin mulki. Hula kuwa ya wanke ta da toka har sau ban san adadi ba, ya shanya a kan danga, bai sake sa ta ba, bai kuma yar da ita ba.

Na daɗe ina zaton tsufa ne ya ƙara wa labarin gishiri a kaina. Sai bayan shekaru masu yawa, ina cikin motar kasuwa za mu wuce Gidigir, wani jandarma ya tsai da mu a shinge. Direba ya ce duk hanyar nan shi kaɗai ne ba ya busa, da hannu yake tsai da mota, ko da tafi. Na leƙa na ga fuskar Abatcha sak a ƙarƙashin hular. Na kira shi Aisami, ya amsa, ya durƙusa ya gaishe ni. Usur na rataye a ƙirjinsa yadda doka ta ce. Na roƙe shi ya ba ni in gani, ya miƙo. An toshe bakin usur ɗin da ƙullin tsumma.